Me Ya Sa Taminal Ke Ƙirga Maraɗi Harafi Bakwai?

Kalmar Maraɗi harafi shida ce, ko ɗan aji ɗaya ya san haka. Amma akwai kwamfutar da za a rubuta mata sunan a taminal, wato baƙar tagar nan da ake ba na'ura umarni a rubuce, a ce ta ƙirga, ta ce bakwai ne. Duk mai Linux zai iya gwadawa yanzu: ya rubuta printf 'Maraɗi' | wc -m ya danna. Idan 6 ta fito, lafiya lau. Idan 7 ta fito, to na'urar ba ta ɗauki ɗ a matsayin harafi ɗaya ba, guntaye biyu take gani, kuma daga nan sauran ɓarna ke tasowa. Sunan fayil ya koma alamar tambaya ko jerin lambobi irin \311\227, jerin sunaye ya hargitse, wani lokaci ma taminal ɗin ya ƙi buɗewa ƙememe.

A gari irin Dakoro, arewa da Maraɗi, inda ƙasar noma ta yi iyaka da ƙasar kiwo wajen kwarin Tarka, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Rajistar da ake cikawa a asibiti, a ma'aikatar magajin gari, a makaranta ko a ofishin ƙungiyar makiyaya, cike take da sunayen Hausawa da Fulani da Abzinawa. Ɗan Gulbi, ɗaya daga cikin gundumomin yankin, da Ɗ ya fara. Fulatanci na da ɓ da ɗ da ƴ da ŋ. Harshen Tamajak, idan an rubuta shi da boko, yana da ɣ da ǝ da baƙaƙe masu ɗigo a ƙasa. Faransancin da ake cika takardun aiki da shi kuma yana da é da è da ç. Fayil guda na iya ɗauke da su duka.

Gaskiya ne yawancin kwamfutocin ofis Windows ne a kansu, wayoyi kuma Android. Amma Linux na nan a wuraren da ido bai cika kaiwa ba: sabar da ke ajiye bayanai, tsohuwar kwamfutar da aka farfaɗo da ita da Xubuntu ko Linux Mint saboda ta gaza ɗaukar sabon Windows, ƙaramar Raspberry Pi da ke aiki da hasken rana, da kwamfutar ɗalibin da ya dawo hutu daga Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi. Kuma idan abu ya lalace a Dakoro, mai gyara ba ya bayan gida. Shi ya sa sanin tushen matsalar ya fi haddace umarni amfani.

Asalin abin tsoho ne. Tsarin ASCII, wanda ya fito a Amurka a 1963, gurbi 128 kawai gare shi, daidai buƙatar Turancin Ingilishi. A 1987 aka fitar da ISO 8859-1, wanda ya ƙara haruffan Yammacin Turai, Faransanci ya samu é ɗinsa, amma babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Alhali waɗannan haruffa masu lanƙwasa tun shekarun 1930 suke cikin rubutun Hausa, taron UNESCO na Bamako a 1966 ya tabbatar da su, taron Yamai na 1978 kuma ya sa su cikin jerin haruffan Afirka. Sai da Unicode ya zo a 1991 kowannensu ya samu lamba tasa: ƙ ta zama U+0199, ɗ U+0257, ɓ U+0253, ƴ kuma U+01B4. A watan Satumba na 1992 Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8, hanyar ajiye waɗannan lambobi a fayil. A cikinta harafin ASCII bayit ɗaya yake ci, ɗ kuwa biyu. Wannan bayit na biyu shi ne harafi na bakwai da na'urar ke ƙirgawa a sunan Maraɗi idan ba a gaya mata UTF-8 take karantawa ba.

Abin da ke gaya mata shi ne saitin harshe da yanki, wanda a Linux ake duba shi da umarnin locale. Ba abu ɗaya ba ne, ƙunshi ne. LC_CTYPE ke faɗin mene ne harafi da yadda aka ajiye shi. LC_COLLATE ke jera sunaye. LC_NUMERIC ke zaɓar waƙafi ko ɗigo a tsakiyar lamba, LC_TIME ke rubuta rana da wata, LC_MONETARY ke kula da kuɗi, LC_MESSAGES kuma harshen da shiri zai yi magana da shi. LANG ita ce ke cike gurbin duk wanda ba a saita ba. LC_ALL kuwa ta fi kowa ƙarfi, idan ta yi magana sauran duk sun yi shiru. Idan babu ko ɗaya daga cikinsu, ko kuma an ambaci saitin da babu shi a na'urar, sai a faɗa kan na asali da ake kira C ko POSIX, wanda ASCII kaɗai ya sani.

Wurin da mutane suka fi tuntuɓe shi ne yadda wannan saiti ke isa ga taminal. Ba wani akwati ba ne guda da kowane shiri ke leƙawa a duk lokacin da ya so. Gado ne. Kowane shiri a Linux wani shiri ne ya haife shi, kuma a daidai lokacin haihuwa yake karɓar kwafin abin da uban ke riƙe da shi. Allon shiga, inda ake rubuta suna da kalmar sirri, shi ke haifar zaman tebur. Tebur ya haifi taminal. Taminal ya haifi bash, mai karɓar umarni. Shi kuma bash ya haifi ls da sort da nano da sauransu. Ɗa na iya sauya abin da ya gada ya miƙa wa nasa 'ya'yan, amma ba ya iya mayar da gyaran sama ga ubansa, ba ya kuma iya ba 'yan'uwansa da aka haifa ta wani ɗaki.

Wanda ya gane wannan ya gane dalilin da shawarar da aka fi yaɗawa ba ta warkar da ciwon. Shawarar ita ce a buɗe fayil ɗin .bashrc a rubuta export LC_ALL=fr_FR.UTF-8 a ƙarshensa. Nan take ls zai fara nuna Maraɗi daidai, mutum ya ɗauka an gama. Amma bash kaɗai aka gyara da abin da zai haifa. Shi taminal ɗin da ke zana haruffan an riga an haife shi kafin a karanta .bashrc, kuma irin su xterm tun lokacin buɗewa suke yanke shawarar yadda za su fassara bayit. Shirin da aka buɗe daga jerin shirye-shiryen tebur, kamar mai duba fayiloli ko editan rubutu, bai taɓa jin labarin .bashrc ba. Sakamakon shi ne na'ura ɗaya mai baki biyu: fayil ɗin da aka ƙirƙira a taminal ya fito da wani suna a taga, wanda aka ƙirƙira a taga ya fito da wani a taminal. Ga kuma LC_ALL da ta danne kowa, ta yadda duk gyaran da aka yi daga baya a LC_TIME ko LC_COLLATE ba zai yi tasiri ba, mai gyara ya yi ta neman dalili. LC_ALL ta umarni ɗaya ce, a sa ta a gaban layi a gama a wuce. Ba ta zama a fayil.

Akwai kuma bambancin da bash kansa ke yi. Idan an shiga ta baƙin allo na ainihi, wanda ake samu da Ctrl da Alt da F3, ko daga wata kwamfuta ta ssh, bash na karanta /etc/profile, sannan .bash_profile ko .profile. Idan kuwa taminal na cikin tebur ne ya buɗe shi, yawanci .bashrc kawai yake karantawa. Don haka mutum na iya rubuta saiti mai kyau a .profile, ya ga yana aiki a baƙin allo, ya dawo tebur ya tarar kamar bai yi komai ba.

A ɗauki misalin sakataren wata ƙungiyar makiyaya a Dakoro, dattijo, da aka kawo wa ofishinsu kwamfuta mai Debian da tebur mara nauyi. Jerin sunayen rijiyoyi da na masu dabbobi yana nan a fayiloli, amma a taminal sunayen sun zama lambobi. Ya kira wani matashi a Maraɗi da ya san aikin.

"Baba, rubuta locale ka danna, ka karanto mini abin da ya fito."

"To ɗana, layin farko an sa LANG, babu komai a gabansa. Na ƙasa duk POSIX aka rubuta."

"Madalla. Yanzu danna Ctrl da Alt da F3 tare, ka shiga da sunanka, ka sake rubuta locale."

"Ikon Allah. Nan kuma fr_FR.UTF-8 ne tun daga sama har ƙasa."

Wannan amsa biyu ita ce ganewar ciwon. Saitin na nan a na'urar, baƙin allo ya same shi, tebur ne bai gada ba. Ba taminal ne ke da laifi ba, ƙofar da aka shigo da zaman ce. Mai son tabbatarwa zai iya leƙa abin da taminal ɗin kansa ke riƙe da shi, domin Linux na ajiye gadon kowane shiri a fayil: cat /proc/$PPID/environ zai nuna na uban bash, wato taminal. Idan babu LANG a ciki, magana ta ƙare.

Ƙofofin kuwa sun bambanta, kuma nan ne aikin ke buƙatar haƙuri. Saitin na'ura gaba ɗaya a Debian da Ubuntu yana /etc/default/locale, ana gyara shi da update-locale ko dpkg-reconfigure locales. A Fedora da Arch yana /etc/locale.conf, ana gyara shi da localectl set-locale. Wannan shi ya kamata a fara gyarawa, domin a kwamfutar ofis da mutum ɗaya ko biyu ke amfani da ita, sau da yawa shi kaɗai ya wadatar. Idan an gyara shi kuma tebur bai bi ba, to akwai wani a tsakani da ke sauya maganar. GNOME na ajiye harshen kowane mutum ta AccountsService, a ƙarƙashin /var/lib/AccountsService/users, kuma hanya mafi sauƙi ita ce a gyara shi daga sashen yanki da harshe na saitunan tebur. KDE Plasma na da nasa fayil, plasma-localerc, a cikin .config. LightDM, allon shigar da Xubuntu da Mint ke amfani da shi, yana iya tuna harshen da aka taɓa zaɓa a .dmrc. A zaman X11 na Debian, .xsessionrc ake karantawa, ba .profile ba, a Ubuntu kuwa ana karanta .profile da .xprofile. Da aka koma Wayland, magajin X11, wanda GNOME na Debian ya ɗauka tun fitowa ta 10 a 2019, Ubuntu kuma tun 2021, fayilolin nan masu farawa da x sun daina aiki, sai a rubuta saitin a wani fayil mai ƙarewa da .conf a cikin .config/environment.d. Tsohuwar hanyar .pam_environment da tsofaffin bayanai ke ambata, masu kula da ita sun ayyana ta a matsayin wadda za a bari tun 2020, kada a dogara da ita.

GNOME Terminal na da halinsa na daban da ya kamata a sani. Tagar da ake gani ba ita ce shirin ba, akwai gnome-terminal-server a baya wanda wani shiri mai suna D-Bus ke tayarwa, saboda haka gadonsa daga can yake zuwa, ba daga wanda ya danna shi ba. Kuma ba ya yarda ya tashi sam idan saitin ba UTF-8 ba ne. Wanda ya danna alamar taminal ya ga agogon jira ya juya ya ɓace babu taga, sau da yawa wannan ne dalili, kuma a littafin rahoton na'ura zai ga ƙorafi mai ɗauke da ANSI_X3.4-1968, wanda shi ne sunan ASCII na hukuma. A irin wannan hali sai a bi ta baƙin allo a yi gyaran.

Kowace ƙofa aka gyara, dole a fita daga zaman a sake shiga. Rufe taminal a sake buɗewa bai isa ba, tunda teburin da zai sake haifar sa yana nan da tsohon abin da ya riƙe.

Duk wannan matsala ce ta kowa, daga Dakoro har Tokiyo. Amma akwai ɓangaren da ya shafi Nijar ita kaɗai da ƙasashe irinta, kuma shi ne ya fi ciwo. Sunan saiti harshe ne da ƙasa: fr_FR Faransancin Faransa, ha_NG Hausar Najeriya. Mai hankali a Dakoro zai ce to nasa fr_NE ne ko ha_NE, ya rubuta haka. Sai dai ɗakin karatun glibc, wanda kusan kowane Linux ke ɗaukar saitunansa daga ciki, ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun. Faransanci biyar gare shi: na Faransa, Beljiyam, Kanada, Suwizalan da Lukzambur. Hausa ɗaya ce, ta Najeriya. Wanda ya rubuta fr_NE.UTF-8 ya ambaci abin da babu, bash zai yi gargaɗin cewa ya kasa sauya saiti, na'ura kuma ta koma C shiru. Wato mutumin da ya fi kowa ƙoƙarin faɗin gaskiyar inda yake, shi ne ya fi faɗawa rami. Mai girka Debian ma yana cin karo da wannan tun farko: idan ya zaɓi Faransanci ya zaɓi Nijar, shirin girkawa zai gaya masa babu saitin da ya haɗa biyun, ya zaɓi na wata ƙasa.

Ga tarko na biyu dab da na farko. A jerin da ke /etc/locale.gen akwai fr_FR har kashi uku. Wanda aka rubuta fr_FR kawai na ISO-8859-1 ne, mai @euro na ISO-8859-15 ne, sai mai .UTF-8. Biyun farko za su nuna é daidai, mai gwadawa da Faransanci ya ce ai an gyara, amma ranar da ƙ ta shigo sai ta tarwatse. Na ukun kaɗai ke ɗaukar harsunan Dakoro duka. Shi kuwa ha_NG, ko ba a liƙa masa komai ba, UTF-8 ne.

To me zai hana a ɗauki ha_NG gaba ɗaya a huta? Abu uku. Kuɗinsa naira ne, ba sefa ba. Lambobinsa irin na Ingilishi ne, ɗigo ke raba cikakkiyar lamba da guntu, alhali duk wanda ya yi makaranta a Nijar waƙafi ya saba da shi, 3,5 yake rubutawa ba 3.5 ba. Na ukun ya fi nauyi: umarnan taminal kusan duk ba a fassara su da Hausa ba, kuma shirin da bai samu fassara ba Ingilishi yake komawa. Ma'aikacin da ke karanta Faransanci ya zaɓi Hausa don kishin harshensa, sai ya wayi gari na'ura na yi masa magana da harshen da bai iya ba. Maganin wannan shi ne LANGUAGE=ha:fr, wadda ke cewa a nemi Hausa, idan babu a koma Faransanci. Ita ma ba ta aiki idan saitin ya faɗa C.

Abin da ya fi dacewa da ofis a Dakoro a yau haɗi ne. A kunna fr_FR.UTF-8 da ha_NG a /etc/locale.gen, a gudanar da locale-gen, a duba da locale -a cewa sun fito. A Debian da Ubuntu wannan ba ya cin ko kobo na intanet muddin kunshin locales na kan na'urar, abin da ke da muhimmanci inda layi ke zuwa yana ɗaukewa. A Fedora kuwa sai an sauko da kunshin kowane harshe daban. Sannan a sa LANG ta zama fr_FR.UTF-8, a sa LC_COLLATE ta zama ha_NG.UTF-8 don jerin sunaye ya bi ƙa'idar Hausa, ɓ ta biyo b, ɗ ta biyo d, ƙ ta biyo k. Mai son ranaku da watanni su fito da Hausa ya ƙara LC_TIME. Kuɗi kuwa sai an yi aro daga Senegal: saitin wo_SN na Wolof yana da sefar Afirka ta Yamma, alhali fr_FR yuro zai rubuta. A bar LC_ALL babu komai.

Jerin sunaye ba ado ba ne. A saitin C, har ma da C.UTF-8 da ya shiga glibc a hukumance a fitowa ta 2.35 a 2022, lambar harafi ake bi wajen jerawa. C.UTF-8 zai ƙirga Maraɗi shida, zai nuna ta daidai, amma zai kai Ɗan Gulbi can ƙasa bayan duk sunan da ya fara da Z. Ma'aikacin da ke neman ƙauye a jerin rabon abincin dabbobi ko na rigakafi zai duba wajen D, bai gani ba, ya ce ba a rubuta ba.

Waƙafin Faransanci ma yana da nasa rikicin da ya kamata mai rubuta ƙananan shirye-shirye ya sani. A ƙarƙashin fr_FR, idan aka ba printf na bash lamba 3.5 a ce ya tsara ta, zai ce lambar ba ta inganta ba, domin 3,5 yake jira. Shirin da aka rubuta a Kano ya yi aiki lafiya na iya tsayawa a Dakoro saboda wannan ɗigo kaɗai. Ba a sauya saitin na'ura don haka, a cikin shirin ake sa LC_NUMERIC=C. Haka nan ssh: yawancin kwamfutoci na aika LANG da 'yan'uwanta zuwa sabar da aka shiga, idan sabar ba ta da irin saitin sai gargaɗi ya yi ta fitowa, musamman daga perl. Gyaran shi ne a samar da saitin a sabar, ko a hana aikawa.

Ba kowace ɓarnar harafi ce laifin wannan saiti ba, kuma alamominsu sun bambanta. Idan ɗan akwati fanko ya fito a gurbin ƙ, na'ura ta gane harafin, salon rubutun ne ba shi da zanensa, sai a sauya zuwa irin DejaVu Sans Mono ko Noto Sans Mono. Idan Maraɗi ta fito MaraÉ—i, Ɗan Gulbi ya fito ÆŠan Gulbi, kamar yadda ake gani idan aka buɗe fayil ɗin CSV kai tsaye a Excel, to fayil ɗin lafiyarsa ƙalau, an karanta UTF-8 ne da tsohon tsarin Windows. Wannan yana gyaruwa: file na faɗin irin fayil, iconv na juya abin da ke ciki, convmv na juya sunaye. Abin da ba ya gyaruwa shi ne wanda aka riga aka ajiye da alamar tambaya a gurbin harafi. Nan bayanin ya tafi, sai an koma takarda ko an tambayi mai suna. Shi ya sa wanda ya ga fayil ya hargitse, kada ya yi gaggawar danna ajiye.

Allon bugawa shi ma daban ne. Kwamfutocin Nijar yawanci AZERTY ne, tsarin Hausa da ke zuwa da Linux kuwa na Najeriya da na Gana ne, kan QWERTY aka gina su. Kafin a samu mafita, a shirye-shiryen GTK ana iya danna Ctrl da Shift da U, a rubuta 199, ƙ ta fito. 257 ta ba da ɗ, 253 ta ba da ɓ. Mai yawan rubutu ya tsara nasa gajerun hanyoyi a .XCompose. Amma a lura, teburin haɗa haruffa na X11 shi ma saitin harshe yake bi wajen zaɓuwa, don haka zaman da ya faɗa C na iya rasa har da ê ta Faransanci.

Abin takaicin shi ne rashin ha_NE ba don babu bayanai ba ne. Kundin CLDR na ƙungiyar Unicode, wanda Android da manyan manhajojin shiga intanet ke ɗauka, yana da ha_NE da fr_NE, har da Zabarmanci na Nijar. Ya kuma san bambancin da ke tsakanin ƙasashen biyu: ƙa'idar rubutu da ma'aikatar ilimin Nijar ta tsayar a 1999 da ƴ take rubuta ƴaƴa, Najeriya kuwa 'ya'ya. Wato wayar da ke aljihun mai sayar da raguna a kasuwar Dakoro ta san akwai Hausar Nijar, kwamfutar Linux da ke ofishin gefen kasuwar ba ta sani ba. Ga shi kuma tun watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya mayar da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Idan za a bi wannan da gaske, takardun da ke ɗauke da ƙ da ɗ da ƴ za su ƙaru ne a kowace ma'aikata, ba raguwa za su yi ba.

Rubuta saitin ba aikin shekara ba ne. Fayil ne na rubutu guda. Na ha_NG yana nan a /usr/share/i18n/locales, kowa na iya buɗe shi ya karanta. A kwafe shi, a sauya naira da sefa, a sauya ɗigo da waƙafi, a gyara sunan ƙasa da lambar waya zuwa 227, a haɗa shi da localedef, sai ya yi aiki a na'urar nan take. Abin da ke buƙatar zama shi ne na masana harshe: sunayen watanni da za a tsayar, tunda a bakin jama'ar Nijar akwai na asalin Faransanci da ke yawo tare da irin su Janairu, da yadda za a taƙaita sunayen ranaku, da matsayin ƴ a jeri. Nijar ba ta rasa masu wannan ba. Cibiyar INDRAP ta daɗe tana buga littattafan harsunan ƙasa, Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai na da masana harshe, Jami'ar Maraɗi na da ɗaliban kimiyya. Masu kula da glibc kuma suna karɓar sabon saiti daga duk wanda ya kawo shi da hujja, musamman idan ya dace da abin da ke CLDR.

Ya kamata malaman kwamfuta na Maraɗi da na Yamai su zauna da masana Hausa su rubuta ha_NE da fr_NE, su gwada su a ofisoshi irin na Dakoro da Kornaka da Bermo inda harsuna huɗu ke haɗuwa a rajista ɗaya, sannan su aika wa glibc. Kafin nan, duk wanda ya girka wa wani ofis Linux, kada ya tashi sai ya fita daga zaman ya sake shiga, ya buɗe taminal na cikin tebur, ya sa an ƙirga masa Maraɗi ya ga 6.